Jirgin Shimla ko na Darjilin: amsa ga Hajiya

Hajiya, kin ce za ki raka Baba ganin likita a Delhi, ƙasar Indiya, cikin Maris, kuma in an sallame ku kina son ku hau jirgin ƙasa zuwa garin kan dutse ku sha iska. Kin rasa wanne za ki zaɓa, na Shimla ko na Darjilin.

Lokacin dai kin dace. Sa'ad da rana ke gasa mu a Sakkwato, ma'aunin zafi na wuce 40, can sanyin hunturu ya fara saki, furanni na buɗewa, daminarsu mai zaftare hanya kuwa sai wajen Yuni. Duk da haka ku riƙe rigar sanyi.

Na Shimla daga Kalka yake tashi, Kalka kuma tafiyar kamar awa 4 ce daga Delhi a jirgi mai sauri. An buɗe layin a 1903, tsawonsa kilomita 96, amma sai ya ci awa 5 ko fiye, don hawa yake yi daga tsayin mita 656 har ya haura 2,000. Yana ratsa ramuka 102 da aka huda cikin duwatsu. Mafi tsawo na Barog ne, ya ɗara kilomita ɗaya. Turawan Ingila ne suka mai da Shimla hedikwatar mulkinsu ta lokacin zafi tun 1864, su ma gudun rana ya kai su. Abin kallo a hanya shi ne dazuzzuka, kwazazzabai da gadoji masu baka-baka hawa bisa hawa. Mu da dogo bai taɓa zuwa garinmu ba, iyakarsa Ƙauran Namoda, wannan kaɗai ya isa labari.

Na Darjilin ya girme shi, tun 1881 yake aiki, kuma gaskiya ya fi shi kyan gani. Idan gari ya washe, ana hango Kancenjunga, dutse na uku a tsawo a duniya, kansa fari fat da ƙanƙara. Jirgin na bin gefen titi, har ya kusa gogar rumfunan kasuwa, ya ratsa gonakin shayi, ga shi Maris ne ake fara tsinkar ganyen farko mai tsada. Sai dai nisa. Daga Delhi sai kun hau jirgin sama zuwa Bagdogra, ku shiga mota zuwa tashar jirgin ƙasa ta New Jalpaiguri, sannan kilomita 88 daga nan su cinye kusan awa 7 a ƙaramin tarago. Shi ya sa da yawa ke hawa da mota, su yi gajeren zagaye daga Darjilin zuwa Ghum, tashar da ke kusa da ita, su dawo a jirgi mai tururi. Hazo kuma na iya rufe dutsen kwana da kwanaki.

Da ke kaɗai ce, da na ce Darjilin. Amma da dattijon da ya fito daga asibiti, Shimla za ku. Ki fara tambayar likitansa ko zai jure tsayin wurin. Tsakiyar garin ba a shiga da mota, ga matakala ko'ina, don haka ki nemi masauki kusa da lif ɗin da ke hawa da mutane zuwa Mall Road, babban titin tsakiyar garin. Tikiti ki saya da wuri ta intanet, kujerun ba su da yawa. Jaka kuma a riƙe ta gam, biran Shimla ba su da kunya.