Murabus ko tsigewa: zaɓin Koriya ta Kudu a 2016

Da asirin Choi Soon-sil ya tonu, aminiyar Shugaba Park Geun-hye, wato Choi ɗin da ta riƙa tatsar kuɗin kamfanoni da sunan fadar shugaban ƙasa, jama'a suka cika dandalin Gwanghwamun na birnin Seoul da kyandirori kowace Asabar. Hanya biyu ce a gabansu ta raba Park da mulki.

Murabus ya fi sauri: ta sauka, a yi zaɓe cikin kwana 60. Sai dai sai ta ga dama, kuma za ta tafi da fanshonta.

Tsigewa kuwa jan aiki ce. Majalisa ta kaɗa ƙuri'a 234 na amincewa da tsigewar ranar 9 ga Disamba, sannan aka jira Kotun Tsarin Mulki har 10 ga Maris 2017, ana ta fitowa cikin sanyin hunturu. A ganina jiran bai faɗi ƙasa banza ba: alƙalai takwas suka tabbatar da tsigewar baki ɗaya, fansho ya tafi, kafin ƙarshen watan Park tana tsare.