Taswira ko rubutu: binciken kwalarar Landan

A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow, wanda ke zargin ruwan sha ne ke yaɗa cutar, ya zana taswira, kowane mamaci da ɗan baƙin layi a gidansa. Kallo ɗaya za ka ga layukan sun yi cincirindo kusa da famfon da ke titin Broad Street, ko ba ka iya karatu ba.

Sai dai taswira ba ta ba da labari. A rubutunsa ne ya bayyana cewa ma'aikatan kamfanin giya na titin sun tsira don ba sa shan ruwan famfon, wata mata kuwa can unguwar Hampstead mai nisa ta mutu saboda kullum ana kai mata shi. A ganina ita ce babbar hujjarsa, alhali gidanta ko cikin taswirar bai shiga ba.