Kafin ka biya kuɗin manhajar kama 'yan damfara

Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, kuma da wuya rana ta wuce ba a turo mata saƙon cewa an toshe asusunta, ta danna ta sabunta BVN, ko wai sunanta ya fito a tallafin gwamnati ba. Ta ce, "Yaya, wace manhaja zan saya ta riƙa tace min waɗannan?" Na ce mu fara duba ta wace ƙofa ɓarawon yake shigowa, domin kowace manhaja ƙofa ɗaya ko biyu take gadi.

Idan ta linki ne, mai gadin yana cikin wayarka ba ka biya ko sisi ba. Chrome na aiki da Safe Browsing na Google, wanda ke tare ka da jan allo idan za ka shiga shafin da aka riga aka gano na bogi ne. Edge, manhajar shiga intanet ta Microsoft, ma yana da nasa, SmartScreen. Rauninsu shi ne shafin da aka ƙirƙira da safiyar yau, wanda ba a kai ga gano shi ba. A saitin Chrome akwai matakin kariya mafi ƙarfi da ke bincikar shafi nan take, sai dai zai riƙa aika wa Google ƙarin bayani kan inda kake shiga. Ga mai karɓar kuɗin mutane ta waya, ina ganin cinikin ya yi.

Wanda na fi so shi ne VirusTotal, da aka fara a Sifaniya a 2004, Google ya saye shi a 2012. Ka kwafi linkin ba tare da ka buɗe ba, ka liƙa a shafinsu, manhajojin tsaro sama da 70 su duba. Kyauta ne, kuma ba ya cin wuri a waya. Amma kada ka ɗora takardar banki ko hoton katin shaidarka, don abin da aka ɗora masana tsaro na iya gani. Kuma in ya ce bai ga komai ba, wannan ba shaidar gaskiyar shafin ba ce.

Ga kira da saƙon tes, Truecaller ne ya fi yawa a hannun mutanenmu. Kamfanin Suwidin ne, kuma ƙarfinsa rahoton jama'a: lambar da mutane da yawa suka yi wa tambarin damfara za ta fito da gargaɗi. Ɗan damfara kuwa sauya layi yake yi. Akwai kuma batun sirri, har NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta binciki kamfanin a 2019 kan bayanan 'yan Najeriya.

Sai na kuɗi, irin su Bitdefender, Norton da Kaspersky, waɗanda ake sabunta biyansu duk shekara. Bitdefender a Android yana duba linkin da ya shigo ta tes ko manhajojin hira tun kafin ka taɓa, abin da Chrome ba ya yi. Ga ofis ko shagon da yara da yawa ke taɓa kwamfuta ɗaya, kuɗin bai tafi a banza ba. Ga ƙaramar waya mai ƙarancin wuri, nauyi ne.

Abin da ya fi damuna babu manhajar da ke tare shi: wani ya kira, ya gaishe ka da Hausa mai daɗi, ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar OTP, wato lambar sirrin da banki ke turo maka ta tes, da bakinka. Banki ba ya tambayar wannan lambar.

Ƙanwata dai ba ta sayi komai ba. Mun kunna babbar kariyar Chrome, mun sa wa WhatsApp ɗinta lambar sirri mai lamba 6 ta tabbaci na biyu, muka ajiye shafin VirusTotal a fuskar wayar inda yatsanta zai kai da sauri.