Yankari ko Gashaka Gumti: ina za a je yawon daji da kyamara?

Ɗan'uwa, ka ce kana da hutun mako guda, kana son ka taka daji da ƙafarka kana ɗaukar hoton namun daji, sai ka rasa inda za ka nufa tsakanin Yankari da Gashaka Gumti. Buƙata biyu ka haɗa, kuma kowane gandu guda ɗaya ya fi ƙwarewa a kai.

Yankari wurin hoto ne. Yana Alkaleri a Jihar Bauci, an keɓe shi tun 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Dajin fili ne, ido yana cin nisa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, idan ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi kan taru a bakin kogin Gaji: gwambaza, ɓauna, gwanki, wani lokacin garken giwaye idan da rabo. A sansanin Wikki ma ba sai ka fita ba. Gadu zai durƙusa a kan gwiwoyinsa yana kiwo kusa da ɗakinka, gwaggon biri na zaune kan dakali yana lura da ledar hannunka. Kulle ƙofa, kada ka ba su abinci. To amma yawancin kallon a mota ake yinsa tare da ma'aikacin gandu, domin dajin giwa ba a shigarsa gaba-gaɗi. Ɗan abin da za ka taka bai wuce kewayen kogunan dutse na Marshall da gangarawa ruwan Wikki ba, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina.

Gashaka Gumti kuwa ƙafa ce motarka. Shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, sama da murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa, hedikwatarsa a Serti. Can ne dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda babu tudun da ya kai shi a ƙasar nan, hawansa kuma aikin kwanaki ne da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya. Za ka tsallaka rafuka, ka ratsa kurmi, ka ɓulla kan tudun ciyawa inda Fulani ke kiwo. Wannan tafiyar ba ta da ta biyu a wurina.

Sai dai hoton yana ba da wahala, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Cikin kurmi duhu ne ko da rana tsaka. Baƙin birin nan mai farar jela, kolobus, yana can ƙololuwar bishiya, sama na haske a bayansa, kana dannawa sai ka ga inuwa kawai. Dole ka ƙara ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, ka jingina da bishiya don hannu ya daina rawa, ka jira ya sauko reshen da ganye ke bayansa. Cimfanzi, manyan biran nan masu kama da mutum, suna nan, amma ihunsu za ka fi ji, ganinsu sai mai tsananin sa'a. Gilashin kyamara mai jawo nesa da bai kai milimita 300 ba zai bar ka da takaici, waya kuma duwatsu da koguna kaɗai za ta ɗauko maka.

Lokaci ma ya bambanta. Gashaka daga Disamba zuwa Maris, domin damina na yanke hanyoyi. A duka biyun, hazon hunturu yana dusashe hoton nesa.

Da mako guda, kuma tunda tafiyar ƙasa ka fara ambata, Gashaka nake ba ka shawara, ka tsaya yankin ƙauyen Gashaka da kogin Kam inda dorina take, ka bar Chappal Waddi sai wani zuwa. In kuwa so kake ka dawo da hotuna masu yawa, Yankari a watan Maris. Kafin ka kama hanya, tuntuɓi ofishin gandun kan yanayin hanya da tsaro.