Gidan gwanjon banki ko fili a bayan gari?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin gidan da banki ya sa a gwanjo a Kubwa da filin da ake maka talla a hanyar Kuje, gidan zan ce ka ɗauka, muddin takardunsa sun fita tsaf.

Gidan da muke ciki yanzu ta wannan hanyar Allah Ya ba ni. Wani ɗan kasuwa ne ya jinginar da shi ya ci bashi, kasuwa ta juya masa baya. Shi banki kuɗinsa yake so su dawo da wuri, shi ya sa farashin ya sauka ƙasa da na gidajen layin. Na tarar rufi na yoyo, an kwance famfuna, ciyawa har gwiwa a tsakar gida. Amma gini lafiyayye, ga wuta, ga kwata, mota na zuwa har ƙofa. Muka gyara rufi, muka yi fenti, kafin azumin shekarar mun tare. Tun daga nan ban sake jin wayar mai gida yana tuna min kuɗin shekara ba. Duk wanda ya yi haya a Abuja ya san girman wannan ni'ima.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hakkin mai gidan. Mahaifiyata ta ce ita ba za ta kwana a ɗakin da aka fitar da wani yana hawaye ba. Sai na nemo bawan Allahn muka zauna. Ashe shi ma so yake a sayar ya huta, don kullum bashin hauhawa yake. A doka kuma, in banki ya cire bashinsa da kuɗin ɗawainiya, ragowar ta mai gida ce. Da Hajiya ta ji daga bakinsa, hankalinta ya kwanta. Kai ma ka nemi mai wannan gidan, za ka ji abin da dillali ba zai taɓa gaya maka ba.

Fili kam yana da sauƙin kuɗi a farko, ban musa ba. Sai dai ga haya ga siminti a wuyanka lokaci guda, kuma a Abuja Ministan Birnin Tarayya ne ke da ikon ba da fili. Takardar mai unguwa ba ta tare motar rusau.

Ka yi hattara da dillalai, don Allah. Akwai masu yawo da hotunan gidaje a waya suna cewa na AMCON ne, hukumar da aka kafa a 2010 don sayen basussukan da suka maƙale wa bankuna. Sai su ce ka tura kuɗin fom ko kafin alƙalami yau-yau, wai akwai mai jira. Kada sisinka ya shiga asusun wani mutum. Ka taka da ƙafarka zuwa ofishin bankin, a nuna maka takardar jinginar, ka biya a asusun bankin.

Ka ɗauki lauyanka na kanka, ya je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya binciki C of O ɗin, wato takardar shaidar mallakar gidan, ya duba ko akwai shari'a a kotu kan gidan, don wani mai gidan yakan samo umarnin hana sayarwa. Ka tambayi bashin wuta da na ruwa da harajin ƙasa da aka tara, a rage maka a farashi. Ka ware kuɗin gyara da na neman amincewar Minista wajen sauya suna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada.

In da mutane a ciki, kada ka yarda da "za su tashi". A fitar da su tukuna, ka zagaya ɗaki-ɗaki da magini, sannan ka biya a miƙa maka makulli.