Daga Omdurman: Likkafani, Kabari da Takardar Shaidar Mutuwa

Assalamu alaikum iyaye da yayye da ƙanne na gida. Tambayar da aka fi aiko mana ita ce nawa buhun dawa da litar fetur a Sudan. Akwai kayan da ba a cika tambayar kuɗinsu ba, alhali su suka fi nuna abin da yaƙin nan ya yi wa mutane tun da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojan gwamnati da dakarun RSF, waɗanda a nan ake ce wa Da'am Sari. Ina nufin likkafani, da kabari, da takardar shaidar mutuwa, da ƙafar roba.

A gida in an yi rasuwa da asuba, kafin azahar an kammala. A aika kasuwa a yanko alawayyo, a ɗauko makara a masallaci, masu haƙa sun riga sun yi gaba. Nan Omdurman, da ke tsallaken kogi daga Khartum, ma haka ake yi kafin yaƙi, sunayen ne suka bambanta. Farin yadin dabalan suke ce masa, makararsu angarib ce, gadon katakon nan da ake saƙa wa igiya, kuma da ɗanyen bulo suke rufe lahadu, ba itace ko tukwane irin namu ba. Da aka wawashe kasuwanni, dabalan ya yi wuya, mutane suka koma suturta mamaci da zanen gado ko farin mayafin mata. Inda famfo ya ƙafe aka koma yi wa gawa taimama. Manyan maƙabartu irin su Ahmad Sharfi da Bakri suna nan, amma hanyar zuwa ta zama ta sayar da rai saboda harbi da luguden wuta. Sai aka riƙa binnewa a tsakar gida, da filin ƙwallo, da harabar makaranta, da gefen titi.

Kabarin wucin gadi yana da ƙa'ida, kuma rashin bin ta ne yake jawo baƙin ciki na biyu. Zurfinsa kada ya gaza mita 1.5, nisansa da rijiya ko kogi kada ya gaza mita 200. Kafin a rufe a ɗauki hoton fuska da na duk wata alama, tabo ko zobe ko haƙorin Makka. A rubuta suna da rana a takarda, a sa a kwalba ko leda mai kauri a ɗaure, a binne tare da shi, sannan a kafa wata alamar a sama. A aika wa mutum biyu ko uku na wata unguwa hoton wurin. Amma wanda yake haƙa kabari alhali harsashi na wucewa ta kansa, ba ya kai mita ɗaya, damina ta zo ta kwashe ƙasar, karnuka su tone. Sunan da aka rubuta da alƙalamin maka a jikin kwali, rana takan cinye shi cikin 'yan watanni. Waɗanda suka yi haƙan kuma sun yi hijira, wani yana Masar, wani yana Gadarif a gabashin Sudan, wayar da ke da hoton an ƙwace ta a shingen hanya. Bayan da soja suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025, likitocin binciken gawa da ma'aikatan Hilal Ahmar, wato ƙungiyar agaji ta Red Crescent, suka fara tono waɗannan kaburbura suna mayar da su maƙabarta. Wanda aka samu kwalbarsa, danginsa sukan zo su raka shi. Wanda ba a samu ba, lamba ake rubuta wa a jikin jakar.

Sojoji su ne abin ya fi shafa ta wannan fuska. A Najeriya ko ba komai akwai ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya, akwai maƙabartar soja a Abuja inda ake jera kaburbura da suna da muƙami. A nan yaron da ya faɗi a Jabal Moya ko kan hanyar Madani, sau da yawa inda ya faɗi nan abokansa suke turbuɗe shi su wuce. Da yawansu ma ba sojan asali ba ne, mustanfirin ne, samarin unguwa da aka ba horon 'yan makonni aka miƙa musu bindiga. Cikinsu akwai 'ya'yan Hausawa na Sinnar da Damazin da Kasala, jikokin waɗanda suka baro gida bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Labarin rasuwa yakan iso ta WhatsApp, hoto ɗaya da kalmar shahidi a ƙasansa. Uwayen ɗaya ɓangaren ma irin wannan saƙon suke samu, kuka kuma iri ɗaya ne.

Wanda aka ga gawarsa ma an yi dace. Wanda aka ce ya ɓace, matarsa ba ta san ko ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma ba, gado ba ya rabuwa, banki ba ya sakin ko sisi sai da takardar shaidar mutuwa, ita kuma takardar tana buƙatar rahoton likita ko shaidu a gaban alƙali, ga ofisoshi da yawa an ƙone su da kundayensu. Duk mai ɗan'uwan da ya yi ɓatan dabo a nan, ya kai rahoto ga ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa, tana da sashen neman waɗanda suka ɓace. A ba su cikakken suna har na kaka, domin Sudan da suna huɗu take aiki, da hoto, da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe da ranar. Ba a biyan kuɗi.

Masu rauni kuwa, mai ƙafa ɗaya a Kano ya san hanyar asibitin ƙashi na Dala. A nan babbar cibiyar ƙafar roba tana Khartum, wadda ta kasance tsakiyar fagen fama har watan Maris na 2025. Ƙafafu da dama da aka yanke ba harsashin ne ya ci su ba, jinkiri ne: an ɗaure jijiya don tsayar da jini an bar ɗaurin fiye da awa biyu, ko ciwon ya kwana uku ba wanki har ya ruɓe. Bayan yanka dole a riƙa naɗe dungun da bandeji mai talewa, a karkace ba a zagaye ba, kuma kada a sa matashi ƙarƙashin gwiwa, in ba haka ba ta ƙage a lanƙwashe, ƙafar robar ta ƙi zama. Sai an yi sati shida zuwa takwas kumburi ya saɓe kafin a gwada. Babba yakan canja tasa bayan shekara biyu ko uku, yaro kuwa kusan duk shekara, saboda yana girma.

Mai niyyar aiko da gudummawar makoki ya san cewa nan ba a yi POS a kowace kwana kamar gida ba. Manhajar Bankak, ta tura kuɗin banki a waya, ita ce kasuwar, har mai shayi da ita ake biyansa. In intanet ta ɗauke, kamar yadda aka yi a Fabrairun 2024, sai a je wurin mai Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, a biya kuɗin awa kafin a ga ko kuɗi sun shigo, kuma mai ba da tsaba yakan cire nasa kason. Dala ɗaya da take wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,500 a 2025, don haka a aiko kaɗan-kaɗan a kan kari ya fi a tara a aiko gaba ɗaya. Wanda bai da takamaiman dangi ya ba takiyya, wato tukunyar unguwa da ake dafa adas da wake ana raba wa kowa. Zawarawan sojoji da marayunsu suna cikin wannan layin da robobinsu tun da hantsi.

Sojan gwamnati da RSF sun sa hannu a Jidda ranar 11 ga Mayu, 2023, cewa za a kare farar hula a bar mutane su kwashe gawawwakinsu su binne, ba a cika ba. Ku sa mu a addu'a a masallatan Juma'a, Allah Ya kwantar da wannan wuta, Ya jiƙan waɗanda aka sani da waɗanda lamba kawai ke kansu.