Yadda ake kula da mai ciwon suga a nan Ingila

Assalamu alaikum Yaya, ya iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda ka ce likita ya tabbatar ciwon suga ne, kuma ka san nima da shi nake fama, bari in faɗa maka yadda abin yake a nan, don na ga mutane da yawa a gida ɗauka suke Turawa wani magani na daban ne da su. Wallahi ba haka bane. Metformin ɗin da ake fara ba mutum a gida shi ake fara bayarwa a nan, insulin ma insulin ne. Inda suka sha gabanmu shine bibiya, sunanka na shiga kwamfutarsu to ba za su ƙyale ka ba, wasiƙa ce, tes ne a waya, zo gwajin kaza, zo gwajin kaza, ko kana jin kanka garau.

Wajen gano ciwon ma ba su cika dogaro da ɗan tsira yatsa da safe ba. Jini suke ɗiba a hannu su yi gwajin HbA1c, shi kuma yana nuna yadda suga ya zauna a jininka wata biyu zuwa uku da suka wuce, kaga ba zancen mutum ya ƙi cin abinci daren jiya don sakamako yai kyau. In ya kai 48, wato kashi 6.5, ciwon suga ne, in tsakanin 42 da 47 ne za su ce kana bakin shiga. Kuma suna faɗa ƙarara cewa mu baƙar fata ya fi kama mu da wuri, tun daga shekara 25, alhali su sai wajen 40. Abu ɗaya da ya shafe mu sosai, mai sikila wannan gwajin yana iya ba da lamba mara daidai a jininsa, don haka ko a ina ne a sanar da likita kafin a yi.

Zancen kuɗi, kar ka ji an ce kyauta ka ɗauka kyauta ne, mu baƙi muna biyan kuɗin lafiya tare da biza, fam 1,035 duk shekara, ga haraji da ake cira a albashi. Amma bayan nan ganin likita ba ka biya. Magani a Ingila fam 9.90 ne kowane ɗaya, sai dai mai ciwon suga da yake kan ƙwaya ko allura ana ba shi takardar yafiya ta shekara 5, da ita ko wane magani aka rubuta masa kemis zai ba shi bai biya ko kwabo ba, har na hawan jini. Wannan kam yana taɓa min zuciya, don na san mutane nawa a gida suke raba ƙwaya biyu ko su tsallake kwana saboda aljihu, ba don sakaci ba.

Abin da na fi so ka riƙe shine duban shekara. Nas za ta auna nauyi da hawan jini, a duba kitsen jini, a duba ƙoda ta jini da kuma fitsari, don ƙoda tana fara yoyon furotin shekaru kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Sai ta ce cire takalmi da safa, ta ɗauko wani ɗan siririn tsinken roba tana taɓa tafin ƙafarka ido a rufe tana tambaya ka ji, ta kuma laluba bugun jini a ƙafar, abin bai fi minti biyar ba amma shi ke raba mutum da yanke ƙafa, domin in jijiya ta mutu ƙusa za ka taka ba ka sani ba sai gyambo ya ruɓe. Ido kuma shirinsa daban, duk mai suga daga shekara 12 ana kiransa a ɗiga masa magani a ɗau hoton bayan ido, ranar ba tuƙi don gani zai yi dishi-dishi na wasu awanni. Duk waɗannan akwai su a manyan asibitocinmu Yaya, sai dai babu mai kiranka, kai za ka buɗe baki ka ce a yi.

Wani abin da ya ban mamaki, in metformin kaɗai kake sha ba su cika ba da na'urar gwaji ta gida ba, sun ce HbA1c ya isa. Masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wato wanda jiki ba ya yin insulin sai an yi allurarsa, su kuwa ana ba su wani ɗan faifai da ake mannawa a damtse irin FreeStyle Libre, kusan sati biyu yake yi yana tura lamba waya.

Ba wai komai lafiya lau bane, samun ganin likitan unguwa aiki ne, ƙarfe takwas na safe kowa ke kira layi ya cushe, in an samu ma minti goma ne, likitan ƙwararru kuwa sai a yi watanni ana jira. A wannan fannin kam gida ya fi sauri in da kuɗi a hannu.

Kuma ban taɓa jin likita a nan ya ce ya warkar da suga ba. Iyakar abin da suke cewa ciwon yana iya lafawa, suna da shiri ga masu ƙiba da aka gano nasu cikin shekara 6, abinci na musamman kalori 800 zuwa 900 a rana har sati 12, wasu suga ya sauka ƙasa da 48 ba magani, amma duk da haka ana ci gaba da kiransu duba ido da ƙafa. Don haka dan Allah duk wanda ya zo da jarka ya ce a sha a ajiye ƙwayar asibiti, a sallame shi tun daga ƙofa.